Tawali'un Mai Ɗaukar Bulo

A watan Oktoban 2019 tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya faɗi a gidansa da ke Plains, a jihar Jojiya, goshinsa ya fashe har aka yi masa ɗinki 14. Shekararsa 95 a lokacin. A ranar ya kama hanyar birnin Nashville, washegari kuwa aka gan shi a wurin gini da bandeji a goshi, gefen idonsa ya yi baƙi, yana haɗa katako tare da sauran 'yan sa kai. Mutanen karkarar Najeriya sun fi saninsa ta yaƙin da cibiyarsa ta yi da ciwon kurkunu, amma a ƙasashe da dama da guduma aka san shi. Daga 1984 zuwa 2019, shi da matarsa Rosalynn sun yi aikin gina gidaje da gyara su a ƙasashe 14, gidaje fiye da 4,000, ƙarƙashin ƙungiyar Habitat for Humanity.

Jama'a sun yaba juriyarsa, kuma ya cancanci yabon. Sai dai halin da ya fi ɗaukar hankali a aikin nasa shi ne tawali'u. A aikinsa na farko a birnin New York a 1984, cikin motar bas ya taho daga Jojiya tare da sauran ma'aikata, a coci suka yi masauki, suka yi mako guda suna gyara wani tsohon bene mai hawa 6. Mutumin da ya taɓa riƙe fadar White House ya yarda shugaban aiki ya nuna masa inda zai buga ƙusa.

Wannan hali shi ne ginshiƙin tafiyar da dubban mutane ke yi kowace shekara daga ƙasashe masu arziki zuwa Guatemala, Nepal, Kambodiya, Kenya ko Malawi, su yi mako ɗaya ko biyu suna taya gina gidajen marasa galihu. Idan akwai shi, tafiyar ta yi amfani. Idan babu shi, takan koma nauyi a kan waɗanda aka je taimaka wa.

Wata marubuciya Ba'amurkiya, Pippa Biddle, ta bayyana yadda hakan ke faruwa a wata maƙala da ta yi fice a 2014. Tana 'yar makarantar sakandare aka kai ta Tanzaniya tare da wasu 'yan mata, kowace ta biya kusan dala 3,000, domin su gina ɗakin karatu a wani gidan marayu. Ba wadda ta taɓa jera bulo a cikinsu. Aikin bai yi kyau ba, har ta kai maginan garin suna bari sai dare ya yi, su sauke abin da 'yan matan suka jera, su sake ginawa, don kada baƙin su farka su ga gazawarsu. Maginan sun yi aiki biyu, sun kuma ɗauki ɗawainiyar kare zukatan baƙi. A ganinta, da an ba gidan marayun kuɗin ya ɗauki ma'aikatan garin, da an fi samun biyan buƙata. Yaran ba mugaye ba ne, da kyakkyawar niyya suka tafi. Abin da ya ɓata aikin shi ne zaton da aka cusa musu tun daga gida, cewa wanda ya fito daga ƙasa mai arziki ya iya abin da talakan Afirka bai iya ba, ko da kuwa sana'ar talakan ce tun yana yaro.

Irin wannan zato ba ya tsayawa a kan yara. Bayan girgizar ƙasar da ta afka wa Haiti ranar 12 ga Janairun 2010, wadda ta raba mutane kusan miliyan ɗaya da rabi da matsuguninsu, ƙungiyar agaji ta Red Cross reshen Amurka ta tara kusan dala miliyan 500. A 2015 binciken 'yan jaridar ProPublica da gidan rediyon NPR ya nuna cewa gidaje 6 kacal na dindindin ta gina da kanta. Ƙungiyar ta kare kanta da cewa ta taimaki dubban mutane da matsuguni na wucin gadi da kuɗin haya, ta kuma ambaci rikicin mallakar filaye. Rikicin gaskiya ne: a Haiti fili ɗaya kan samu masu da'awa da yawa, takardu kuma sun ɓace ko ba a taɓa rubuta su ba. Amma duk wani ɗan ƙasar ya san da wannan tun kafin girgizar, kuma binciken ya nuna yadda aka damƙa manyan muƙamai ga baƙin da ba sa jin harshen mutanen. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

A nan ne mai tawali'u ke fara karatunsa. Abu na farko da zai gane shi ne cewa rashin muhalli ba daga ƙarancin hannu yake zuwa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan ɗaya na zaune a unguwannin da ba su da tsari, kuma waɗannan unguwanni cike suke da birkiloli da kafintoci da leburori masu neman aiki. Abin da suka rasa shi ne fili mai takarda da ba za a tashe su daga kai ba, da bashin da za su iya biya, da siminti da kwanon rufi masu sauƙin kuɗi, da ruwa da magudana. Zai kuma gane cewa wani lokaci ƙaramin gyara ya fi sabon gini tasiri. A Mekziko, shirin Piso Firme ya maye gurbin daɓen ƙasa da na siminti a gidajen talakawa, bincike kuma ya nuna cewa gudawa a tsakanin ƙananan yara ta ragu da kusan rabi. Daɓe ba ya kyau a hoto kamar sabon gida mai fenti, amma uwar da ɗanta ya daina gudawa ta san darajarsa.

Tushen Habitat for Humanity kansa daga ƙanƙan da kai ya taso. Millard Fuller lauya ne ɗan Alabama da ya zama miloniya kafin ya cika shekara 30. Shi da matarsa Linda suka rabar da dukiyarsu, suka koma gonar Koinonia kusa da garin Americus, inda Clarence Jordan ya kafa al'ummar da baƙaƙe da farare ke zaune tare tun 1942, a zamanin da hakan ke jawo harbi da ƙone-ƙone. A can suka tsara abin da ya zama ƙa'idar aikin: ba a ba mutum gida sadaka. Mai gidan zai sa guminsa na sa'o'i ɗaruruwa a ginin gidansa da na maƙwabtansa, sannan ya biya kuɗin gidan a hankali, ba tare da an ci riba a kansa ba, kuɗin kuma a juya su a gina wa wani. A 1973 suka tafi Mbandaka a ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, suka yi shekara 3 suna gwada tsarin, kafin su kafa ƙungiyar a 1976. Shekara 3 suka zauna, suna cin abincin mutane, suna jin kokensu.

Hikimar tsarin ita ce ya hana mai taimako hawa kan wanda ake taimaka wa. Mai gida abokin aiki ne, kuma shi zai kwana a ɗakin bayan baƙi sun hau jirgi. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka aikin gayya yake: wanda ya zo taya yaɓe ba ya tsara wa mai gida inda ƙofa za ta kalla, kuma ba ya barin wurin yana jin cewa ya sayi mutuncin kowa.

Shin tafiyar ta cancanci kuɗin jirgin? Tambaya ce ta gaskiya, bai kuma kamata a kauce mata ba. Idan yawan bulon da aka jera ne ma'auni, ba ta cancanta ba, domin magini ɗaya na garin zai fi baƙi goma sauri da inganci. A shirin Global Village na Habitat, wanda ke kai 'yan sa kai ƙasashen waje, wani kaso na kuɗin tafiyar gudunmawa ce ga aikin ginin ƙasar da aka je, kuma baƙi suna aiki ne ƙarƙashin maginan wurin: su kwaɓa siminti, su tura baro, su miƙa bulo. Ribar da ta rage ita ce abin da baƙon ya koya da abin da zai yi da shi in ya koma gida. Wanda ya yi mako guda yana sauraron matar da ke biyan haya a ɗakin da ke yoyo, zai iya komawa ya ci gaba da ba da kuɗi shekara da shekaru, ya kuma lura da marasa muhalli na garinsu, waɗanda a da yake wucewa bai gan su ba. Wanda ya je don a gan shi kuwa, hotuna kawai zai kawo, hotunan yaran mutane da cikin ɗakunansu, waɗanda sau da yawa ba a nemi izinin iyayensu ba. Wannan riya ce, kuma talauci bai halatta wa kowa tona asirin gidan wani ba.

Duk mai shirin irin wannan tafiya, ko ƙungiyar da ke shirya ta, ya kamata ya nemi amsar tambayoyi kafin ya sayi tikiti. Wa ya nemi a yi ginin, mutanen wurin ko masu shirya tafiya? Za a biya maginan garin haƙƙinsu? Sunan wa ke kan takardar filin? Nawa ne daga kuɗin zai isa wurin ginin? Idan amsoshin sun gamsar, ya tafi a matsayin lebura, ya bi umarnin birkila, ya nemi izini kafin ya ɗaga wayarsa. Idan ba su gamsar ba, ya aika da kuɗin ga ƙungiyar da 'yan ƙasar ke gudanarwa, su ɗauki maginansu aiki.