Ruwan da Haske Ke Daskararwa da Mas'alar Istihala

Likitan haƙori a Yola ko Jimeta yakan cike kogon haƙori da wani farin danƙo, ya haska masa shuɗiyar fitila, cikin daƙiƙu ya zama tauri. Da wannan hikimar Hideo Kodama ya gwada gina abu shimfiɗa bisa shimfiɗa a Nagoya a 1981, Chuck Hull kuma ya sami rajistar na'urarsa ta buga abu ta wannan hanya a Amurka a 1986. Ruwan da suka yi aiki da shi cike yake da ƙananan ƙwayoyin sinadari, haske ya sa su sarƙe da juna. Yau masana sun wuce nan: da gangan suke barin wasu gurabe ba a sarƙe ba, don a liƙa magani ko furotin a jikin abin bayan an buga shi. Danƙon haƙori daga sinadaran masana'anta ake haɗa shi, ba ruwansa da dabba, saboda haka babu tambayar tsarki a kansa. Tambayar tana kan GelMA, wanda masu bincike na Jami'ar Ghent a Beljiyam suka bayyana a 2000. Jelatin ne da aka ɗaura wa sinadarin metakirilet don haske ya daskarar da shi, ana buga shi a matsayin shimfiɗar da ƙwayoyin halittar fata ko guringuntsi za su tsiro a kai. Mafi yawansa kuwa daga fatar alade ake samo shi.

Duk wanda ya biya Muhtasar na Shehu Halil a zaurukan Wuro Hausa ya san amsar da za ta fara zuwa baki. A babin tsarki, malamin ya lissafa almiski, wanda asalinsa jini ne, da shukar da aka shayar da najasa, da giyar da ta koma ruwan khal ko ta daskare ta zama dutse, duk cikin abubuwa masu tsarki. Wannan ita ce istihala: idan zatin abu ya rikiɗe, hukuncinsa ya bi shi. To ga ruwa ya daskare a gaban idonmu, me ya rage? A ganina ƙiyasin bai zauna ba. Taurin da giya ta yi alama ce kawai, abin da ya tsarkake ta shi ne gushewar maye, wato siffar da ta sa aka haramta ta. A GelMA kuwa, abin da masanin ke kiyayewa da dukkan ƙoƙarinsa shi ne kada siffar asali ta gushe. Jelatin kolajin ne na fata da ƙashi da aka tsattsinka da zafi da ruwan asid ko na alkali. Sinadarin da ake ɗaura masa gurabe kaɗan yake kamawa, galibi kan amino asid mai suna laisin, sauran sarƙar tana nan yadda take. Jerin da ake kira RGD, wanda ƙwayar halitta ke gane shi ta manne, daga jikin dabbar ya fito, kuma saboda shi ne ake sayen kayan. Yaya za a ce abu ya bar asalinsa, alhali darajarsa ita ce bai bari ba?

Za a ce taron Ƙungiyar Musulunci ta Ilmin Likitanci a Kuwait a 1995 ya riga ya yanke cewa jelatin ya rikiɗe, ya tsarkaka. Gaskiya ne, manyan malamai ne suka zauna, kuma wanda ya bi su ba abin zargi ba ne. Sai dai fatawar ta dogara ne kan siffanta abin da ya faru ga sinadari, wannan kuwa magana ce ta ɗakin gwaji kafin ta zama ta fiƙihu. Na'urorin zamani suna iya bambance jelatin alade da na saniya ta ɓurɓushin furotin da ke cikinsa. Almiski ba ya nuna jini haka.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne tsanantawa za ta toshe wa majinyaci hanya. Ba ta toshewa, domin ƙofar larura a buɗe take, Alƙur'ani ma ya buɗe ta ga wanda yunwa ta matsa wa har ga naman alade kansa. Bambancin ƙofofin biyu ne ya kamata a kula da shi. Istihala tana halattawa ga kowa a kowane hali, ta kuma kashe neman madadi. Larura tana halattawa gwargwadon buƙata, tana barin wajibcin nema a wuyan al'umma. Tana kuma tilasta wa likita faɗin gaskiyar abin da ke cikin magani, mu kuwa da muka ga yadda zargi ya tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 mun san tsadar amanar da ta karye.

Madadin ba nisa gare shi ba. An riga an yi GelMA da jelatin saniya da na kifi, ko da yake na kifin ruwan sanyi ya fi rauni. Shanun da ke cika kasuwannin Mubi da Ngurore yankakku ne idan sun isa kwatar Jimeta, ƙirginsu kan tafi ganda, ƙashinsu kan tafi abincin kaji. Fatar kifin Binuwai ma tana nan. Tace jelatin daga cikinsu zuwa matakin da likita zai yarda da shi aiki ne mai wuya, mai buƙatar tsafta da awo da kuɗi, amma irin aikin da sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Modibbo Adama zai iya fara gwadawa ne.