Makaranta Ko Maƙwabta?

'Yar'uwa, wata ƙanwata ce aka kawo aure Kano daga Gwangwan ta ƙasar Rogo. Yanzu 'ya'yansu biyu, za su sake gida. Maigidan ya samo wuri biyu. Ɗaya a Rijiyar Zaki, kan titin Gwarzo wajen Jami'ar Bayero, ga makarantu amma haya da tsada. Ɗayan can bayan gari, ga araha ga 'yan garinsu, sai dai makaranta da nisa. Ta ce, "Yaya, wanne zan ce masa?"

Na ce tsaya tukuna. Tun 2004 doka ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, amma ai doka ba ta goya yaro ta kai shi aji. In da nisa, ranar ruwa ba zuwa, ranar da babu kuɗin mota ba zuwa. Kuma 'ya mace ake fara zaunarwa, a ɗora mata talla.

To amma fa yaro in an tashi makaranta, a layi yake yini. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Hayar da za ta cinye kuɗin cefane kuwa, ba gata ba ce.

Don haka kafin ku biya, ki taka da ƙafarki daga gidan zuwa makarantar da safe, ki leƙa ko malam na aji. Da yamma ki koma ki ji bakin yaran layin. In duka sun kwanta miki, ku tare.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.