Kwandon Sharar Makaranta da Rassan Imani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani. Mun san wannan hadisi tun muna yara, sai dai ƙaya da dutse muke hangowa idan an karanta shi. A makarantu da jami'o'in da muke ciki a nan Ingila, akwai wata hanyar da shara ke bi: daga bakin kwando zuwa hannun mai share gini, daga nan zuwa mota, sannan masana'antar da ake tantance ta. Duk abin da ka jefa inda bai dace ba, wani bawan Allah ne a gaba zai ɗauki wahalarsa.

Tun daga ranar 31 ga Maris, 2025, doka ta wajabta wa wuraren aiki masu ma'aikata goma ko fiye a Ingila, har da makarantu da jami'o'i, su ware ragowar abinci daban, su kuma ware takarda da kwali, da roba da ƙarfe da kwalba. Wannan rarrabewa tana da dalili. Abincin da aka binne a juji yana ruɓewa ba tare da iska ba, sai ya fitar da iskar metan, wadda a tsawon shekara 100 ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon kusan sau 28. Idan kuwa aka ware shi, ana zuba shi cikin manyan tankuna rufaffu, a tara iskar a yi makamashi da ita, abin da ya rage ya zama taki. Kwalin da miya ta jiƙa yana lalata takardun da ke tare da shi, har a rasa yadda za a sake sarrafa su. Batirin da aka jefa cikin shara kuwa, idan motar ta matse shi, yana iya kamawa da wuta alhali akwai mutane a cikinta.

Kafin maganar kwando akwai maganar cokali. Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta mana ci da sha a aya ta 31 ta Suratul A'araf, kuma a cikin ayar ya hana mu ɓarna. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa an zubar da abinci sama da tan biliyan ɗaya a shekarar 2022, a daidai lokacin da mutane miliyan 783 ke fama da yunwa. Mu dubi buɗa-bakin da ɗalibanmu ke shiryawa a jami'a, da walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyoyinmu. Shinkafa nawa ke komawa cikin baƙar leda?

Abin kunya ne a ce baƙi ne za su koya mana wannan. A gida, tuwon dare shi ne ɗumamen safe, ƙanzo na dabbobi ne, kuma manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗaukar takin birni a kan jakuna zuwa gonakinsu.

Mu kuma tuna da mai shara. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mai share masallacin Manzon Allah (SAW) da ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba. Da ya tambaya aka gaya masa, sai ya nemi a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Wannan shi ne matsayin mai tsintsiya a Musulunci. Da yawa daga masu goge azuzuwa da asuba baƙi ne irinmu, wasunsu ma 'yan'uwanmu ne da muke haɗuwa a sahu ranar Juma'a. Azuzuwan da muke haya don karatun yaranmu a ƙarshen mako amana ce. Idan safiyar Litinin aka tarar da su kaca-kaca, ɗakin zai iya kuɓuce mana, kuma sunan Musulmi ne zai ɓaci a idon wanda bai taɓa karanta komai game da addininmu ba.

Don haka, duk mai shirya taro ya ƙidaya mahalarta kafin a ɗora tukunya, ya tanadi mazubin da mutane za su tafi da ragowa. A naɗa mutum biyu su tsaya wajen kwanduna har a watse. Kowane ɗalibi ya zo da gorar ruwansa. Malaman Islamiyya su ware minti biyar na ƙarshen darasi, yara su share ajinsu da hannunsu, malam yana cikinsu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A yi duk wannan da niyyar neman yardar Allah, sai ya zama ibada.

Ya Allah ka tsarkake zukatanmu da muhallinmu, ka tsare mu daga almubazzaranci, ka sa kada wani bawanka ya cutu ta dalilinmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.