An Yi Bincike a Kanmu, Amma Wa Ya Karanta?

Mai karatu, in kai mai bibiyar harkar fim ne ko marubuci, wataƙila ka taɓa cin karo da ɗalibin jami'a riƙe da takardar tambayoyi, yana roƙon minti goma kacal. Ka ba shi lokacinka, ya yi godiya, ya tafi. To, tun daga ranar ka sake jin ɗuriyarsa? Tambayata ke nan: wanda ya ɗebi ilimi a wurin jama'a ya samu digiri da shi, akwai bashin da jama'ar ke bin sa, ko kuwa godiyar nan ta wadatar?

Kada ka ɗauka jami'a ba ta tsinana mana komai ba. A shekarun 1990, lokacin da ake yi wa littattafan soyayya kallon shirme, malaman jami'a ne suka mayar da su abin muhawara. Ibrahim Malumfashi ya soke su, sunan Adabin Kasuwar Kano ya bi su, Abdalla Uba Adamu ya tashi ya kare su a shafukan jaridu irin su New Nigerian. Ko wane ɓangare ka bi, abin sha'awar shi ne a fili aka yi ta, inda marubucin da ake magana a kansa zai iya sayen jarida ya mayar da martani. A 2003 kuma aka yi babban taro kan finafinan Hausa a Kano, malamai da 'yan fim a zaure guda, takardun suka fito a littafi a 2004.

Amma dubi inda gizo ke saƙar. Littafin nan galibinsa da Turanci ya fito. Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano, ya nuna yadda hanyoyin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka shimfiɗa don kwafar kaset ɗin Indiya da na Amurka su ne dai suka ɗauki fim ɗin Hausa suka kai shi lungu da saƙo. Wato satar fasahar da furodusa ke kuka da ita, a kan bayanta sana'ar tasa ta yi rarrafe. Wannan magana ce mai nauyi, wadda da ta isa kunnen masu zuba jari da ta sa su tunanin me zai faru ranar da hanyar ta toshe. Kuma ta toshe ɗin: kasuwar faifai ta durƙushe, aka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Littafinsa na 2008 ana karanta shi a jami'o'in duniya. Dillalai nawa ne a Ƙofar Wambai suka san da zamansa?

Haka a 2007, da aka ƙona littattafai a Kano, Hukumar Tace Finafinai kuma ta matsa wa 'yan fim da marubuta lamba. Kowa na cewa fim da littafi na ɓata tarbiyya, wasu na cewa ƙarya ne. A irin wannan rana ce ake buƙatar mai bincike ya fito da hujja cikin harshen da liman da uwa da ɗan majalisa za su fahimta. Wasu malaman sun yi magana, Allah Ya saka masu. Sai dai kundayen digiri da dama suna can kan kanta suna shan ƙura.

Zan yi wa malamin adalci. Ƙarin girma a jami'a da maƙala a mujallar ilimi ake samun sa, galibi da Turanci. Sharhin da ya rubuta da Hausa a mujalla irin wannan ba ya ƙara masa ko taki ɗaya. Mu ma da namu laifin. Furodusa nawa ne ke ajiye lissafin abin da ya kashe da abin da ya samu? Wani ma kwafin fim ɗinsa na farko ba shi da shi. Ka ga ke nan ko mai binciken ya zo da niyya mai kyau, labarin baka zai tarar.

Duk da haka ni ina ganin bashin yana nan, kuma a wuyan mai binciken ya fi nauyi, domin shi ne ya zo ya ɗiba. Ba kuɗi ake nema ba. Shafi biyu da Hausa, ko rabin awa a rediyo, ya gaya wa mutanen da ya yi wa tambayoyi abin da ya gano, har da wanda ba zai yi masu daɗi ba.

Saboda haka in ɗalibi ya sake zuwa maka da takardarsa, ka amsa masa da kyau. Amma kafin ya tashi, ka karɓi lambarsa da sunan malamin da ke duba aikin, ka ce masa kana jiran kwafinka.