Abin da Katanga Take Tsarewa

A ƙasar Hausa, idan uba ya kai ɗansa makarantar kwana, kafin ya juya yakan dubi malami ya ce, "Ga amana nan." Malam kuma ya amsa, "Allah ya ba mu ikon riƙewa." Ba a rubuta komai, ba a kiran shaidu, amma kowannensu ya san an ƙulla alkawari mai nauyi. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, mene ne ainihin abin da aka damƙa? Ran yaron ne kawai, a tsare shi a mayar da shi gida lafiya? Ko takardar da zai fito da ita bayan shekara shida? Ko kuwa shi kansa yaron, da irin mutumin da zai zama? A lokacin kwanciyar hankali tambayar ba ta da gaggawa, domin ukun tafiya ɗaya suke yi. Sai tsoro ya shigo ake gane cewa suna iya rabuwa, kuma dole wani ya zaɓi wanda za a fara saki.

Mu da muka yi sakandare bayan shekarar 2014 mun ga yadda aka yi wannan zaɓi. A watan Fabrairun shekarar aka kashe gomman ɗalibai maza a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi, suna cikin ɗakunan kwanansu. Ba a cika wata biyu ba, daren 14 ga Afrilu, aka kwashe 'yan mata 276 daga sakandaren Chibok. Akwai wani abu a cikin labarin Chibok da ake yawan wucewa ta kansa da sauri, alhali a ganina nan ne zuciyar maganar take. An riga an rufe makarantu a Jihar Borno saboda hare-hare. Abin da ya mayar da waɗannan yara makaranta shi ne jarrabawar WAEC ta kammala sakandare. Wato an dubi dukkan abin da makaranta ke yi, aka ga kowanne zai iya jira, ban da guda ɗaya. Ba ina nufin in ɗora wa iyaye ko malaman garin laifin 'yan ta'adda ba. Wanda ya ɗauki bindiga shi ne mai laifi. Amma yadda gobara kan nuna abin da mai gida ya fi ƙauna ta hanyar abin da ya fara rugawa ya ɗauko, haka wannan dare ya nuna abin da al'ummarmu ta ɗauka shi ne makaranta.

Daga nan tsarin bai sauya ba. Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin hari, abin da ake fara dakatarwa shi ne wasannin yamma, da gasar gidaje, da muhawara tsakanin makarantu, da wasan kwaikwayon daren Asabar, da fitar 'yan sikawut. Sai karatun dare ya biyo baya, sannan kwanan makarantar baki ɗaya. Ɗakin jarrabawa ne kaɗai ba a taɓawa. A makarantar da na yi, filin ƙwallonmu yana bayan ɗakunan kwana, ta wajen da katanga ta zube. Maimakon a gyara katangar sai aka hana zuwa filin, kuma har muka gama ciyawa ce ke wasa a cikinsa.

Masu wannan mataki suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Malaman usulu, tun daga Imam Gazali har zuwa Shaɗibi, sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Sun kuma kasa bukatun ɗan'adam mataki uku: na larura, da na bukata, da na ƙawa. Mai rufe fili zai ce rai larura ne, ƙwallo ƙawa ce, kuma kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani. Ko wanda bai taɓa jin sunan waɗannan malamai ba ya san cewa sai da rai ake ado. Idan da gaske zaɓin tsakanin ran yaro ne da wasan kwaikwayo, babu mai hankalin da zai tsaya jayayya, ni ma ba zan tsaya ba.

Sai dai ina shakkar cewa zaɓin haka yake. Da farko dai, janyewa ba ta sayo tsaron da aka yi ciniki a kansa ba. Bayan Ƙanƙara a Disamban 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, jihohi da dama sun rufe makarantun kwana, da tunanin cewa dare da keɓewa su ne matsalar. Amma yaran Islamiyyar Tegina da rana tsaka aka ɗebe su a watan Mayun 2021. Na ƙauyen Kaya da ke Maradun, a Satumban wannan shekara, 'yan makarantar jeka-ka-dawo ne. Na Kuriga kuwa, ranar 7 ga Maris 2024, da safe aka same su, daidai lokacin taron safiya, a cikin gari. Ɗan bindiga bai damu da ko yaro yana kwana a makaranta ko yana buga ƙwallo ba. Abin da yake dubawa shi ne inda babu mai tare shi, da inda za a jima kafin agaji ya iso.

Abu na biyu ya fi tsaya mini a rai, shi ne maganar ƙidaya. A Jangebe an fara cewa 'yan mata 317 aka sace. Da aka sako su sai aka ce 279 ne, kuma su ke nan. A Kuriga an ce 287, aka dawo da 137, aka ce babu saura. A Ƙanƙara ma an kwana da yawa ana ja-in-ja kan adadi kafin a karɓo 344. Na san ruɗanin irin wannan rana, na san wasu yaran sukan tsere daji su ɓulla gidajensu ba tare da kowa ya sani ba. Duk da haka, mu da muke iya faɗin yawan waɗanda suka sami kiredit biyar da Turanci da Lissafi har da ɗigon kaso, yaya aka yi muka kasa faɗin yaran da babu su a ranar da sanin ya zama batun rai da mutuwa? Amsar da na samu ita ce, akwai bambanci tsakanin a ƙirga yaro da a san shi. Rajista da lambar jarrabawa ƙirgawa suke yi. Sani kuwa a wani wuri ake samunsa: wurin kyaftin ɗin gida da ya san wanda ba ya iya gudu saboda ciwon asma, wurin malamar da ke koyar da wasan kwaikwayo, wadda za ta lura tun kafin kowa cewa yarinyar da ke fitowa a matsayin jakadiya ba ta cikin waɗanda suka taru, wurin 'yan ƙungiyar ba da agajin gaggawa da suka taɓa ɗaure karaya ko da ta wasa ce. Abubuwan da muka kira ƙawa muka soke, su ne suke saƙa zaren da ke riƙe jama'a lokacin da kowa ya ruɗe.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin katanga, wanda ba ya shiga labarai sai an yi rashin rai. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san cin zalin manya a kan ƙanana: aiken dare, ƙwace abinci, bulala a bayan ɗaki. Na lura cewa a zangon da aka kulle mu tun daga la'asar, wannan hali ƙaruwa ya yi. Ƙarfin da saurayi ɗan shekara goma sha bakwai zai zubar a fili bai ɓace ba don an rufe filin, a jikin ɗan aji ɗaya ya sauke shi. Da yamma ƙofa a garƙame take, maigadi yana zaune da sandarsa, mai duba makarantu zai rubuta cewa akwai tsaro, yaro kuwa yana kwana da fargabar wanda gadonsa ke kusa da nasa.

To, ko da a ce soke waɗannan abubuwa yana ƙara tsaro, da sauran magana. Kare hankali, wanda malamai suka sa cikin larurori, ya wuce haddar darasi. Yaron da ya tashi a gaban ɗaruruwan 'yan uwansa ya kare ra'ayin da ƙuri'a ta ba shi, ba wanda ya zaɓa ba, ya koyi cewa abokin hamayya ma yana iya zama da hujja. Wanda aka ci gidansu a wasan ƙarshe, ya yi kuka, ya kuma je ya miƙa wa wanda ya ci shi hannu, ya koyi yadda ake faɗuwa ba tare da an ƙone gari ba. Wanda ya dubi zaɓukanmu zai san ko muna bukatar wannan darasi. Tarihinmu ma ya shaida. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta koma Kaduna, ta koma Zariya, ta zama Barewa, ba a aji kaɗai ta yaye mutanenta ba. Sardauna Ahmadu Bello ya fito daga cikinta da son wasan fayis wanda bai rabu da shi ba har yana Firimiya. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kaduna yake rubuta gajerun wasannin kwaikwayo masu sukar halayen jama'a da na masu iko, kuma duk wanda ya san siyasarsa ta baya zai gane inda aka fara wasa wuƙar. Da a lokacin an ce a bar wannan shirme a fuskanci karatu, da wataƙila an sami ƙwararren malamin makaranta, an rasa jagoran talakawa.

Wani abin da ke ba ni tsoro shi ne, manufar waɗanda suka ƙona Buni Yadi ita ce a bar karatun boko. Ba su cim ma wannan ba. Amma idan makaranta ta koma wurin da ake shiga da sanɗa, a kwafi abin da ke allo, a fice kafin azahar, babu waƙa, babu gardama, babu dariyar jama'a, to an bar musu rabin abin da suka nema ba tare da sun sake harba harsashi ba.

Nan ya kamata in rarrabe tsakanin uba da hukuma, domin ana yawan haɗa su a hukunci ɗaya. Uban da ya ji labarin hari ya je ya ɗauko 'yarsa, ba ni da bakin zarginsa. 'Ya ɗaya gare shi a wurin, ba shi da soja, ba shi da ikon gina katanga, kuma shi zai sayar da gona idan aka nemi kuɗin fansa. Abin da yake hannunsa ke nan, ya yi. Hukuma kuwa, idan ta rufe makaranta ta tsaya nan, ba ta kawar da haɗarin ba, ta dai kwashe shi daga inda za a tuhume ta, ta kai shi inda babu mai ƙirgawa. Yarinyar da ƙauyensu ba shi da sakandare, wadda ɗakin kwana shi ne kaɗai hanyarta, idan aka ce ta koma jeka-ka-dawo an sallame ta ne cikin ladabi. Kafin a sake buɗewa an sa mata rana. Yaron da ya koma gida yana iya ƙarewa a ramin haƙar zinari, ko a hannun mutanen da aka ce ana ɓoye shi daga gare su. Babu jaridar da za ta buga sunayensu, babu gwamnan da za a kira ya yi bayani. Rufewa na mako biyu don a gyara abin da ya lalace hikima ce. Rufewa da ba ta da ranar buɗewa kuwa, mai riƙon amana ne ya mayar da kaya ya ce ba zai iya ba, alhali yana ci gaba da karɓar ladan riƙo.

Kuma ba a ce ba a san abin yi ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙaddamar a Oslo a 2015, har ta karɓi baƙuncin taron duniya a kanta a Abuja a watan Oktoban 2021. Takardu sun wadata. Abin da makarantar ƙauye ke nema bai kai girman taron ba: katanga da ta kewaye har da filin wasa, hanyar sadarwa da ke aiki da dare, jami'an tsaro da za su iso cikin mintuna, da mutanen gari da suka ɗauki makarantar tasu ce. Wannan na ƙarshen ma yana komawa ga abin da muka soke. Garin da yake cika filin makaranta ranar gasar gidaje, mai unguwa ya ba da kofi, 'yan kasuwa su kawo lemo, tsofaffin ɗalibai su zo kallon ƙannensu, shi ne garin da mafarauci zai ga baƙin babura a bakin daji ya tuna cewa akwai yara a can, ya yi sauri ya kai labari.

Lokacin da nake bautar ƙasa na koyar a wata sakandaren jeka-ka-dawo, inda ake tashi ƙarfe biyu saura. Wasu 'yan aji biyar suka roƙe ni mu kafa ƙungiyar muhawara. Shugaban makarantar, mutumin kirki wanda tsoronsa na gaskiya ne, ya ce ba zai iya barin yaro ko ɗaya a harabar ba bayan tashi. Muka daidaita a kan minti ashirin na hutun tara na ranar Laraba, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ana cin ƙosai ana magana. Batun da suka zaɓa da kansu a zama na uku shi ne ko ya dace a biya kuɗin fansa. Wata yarinya da aka taɓa sace kawunta ita ƙuri'a ta faɗa wa ɓangaren masu cewa kada a biya. Na ce tana iya musanyawa da wani, ta ce a bar ta. Ƙararrawa ta kaɗa tana tsakiyar hujjarta ta biyu, kuma babu wanda ya tashi sai da ta kai aya.