Fatawa a Kan Komawar Mai Jego Bakin Aiki da Motsa Jiki

Tambaya: Mace ma'aikaciya ta haihu, hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa, tana kuma son ta fara motsa jiki domin ƙarfinta ya dawo, amma manyan gida sun ce mai jego ba ta ƙetare ƙofa kafin arba'in, wasu kuma sun ce barin jariri a gida domin aiki zunubi ne. Mene ne hukuncin shari'a?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Tushen wannan mas'ala shi ne hukuncin nifasi, wato jinin da yake fitowa saboda haihuwa, wanda Hausawa suke kira jinin biƙi, kuma malaman wannan zamani sun sanya jinin da yake zuwa bayan haihuwa ta hanyar tiyata a cikin hukuncinsa. Nifasi yana hana salla da azumi da ɗawafi da zama a masallaci da taɓa Alƙur'ani da saduwar aure, idan kuma mace ta samu tsarki sai ta rama azumi ban da salla. Ƙarancinsa ba shi da iyaka, saboda haka wadda jininta ya ɗauke bayan kwana 10 ko 20 wanka ya wajaba a kanta a ranar, ta ci gaba da salla, kuma kuskure ne babba abin da wasu mata suke yi na jingine salla sai an cika arba'in alhali sun daɗe da ganin tsarki. Mafi tsawonsa kwana 60 ne a mazhabar Malikiyya, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, haka nan a wurin Shafi'iyya, su kuwa Hanafiyya da Hanbaliyya sun tsaya a kan kwana 40 bisa hadisin Ummu Salama da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito.

Fita daga gida ba ta cikin abubuwan da nifasi yake hanawa, kuma hujja mafi bayyana a kan haka ita ce abin da ya faru a hajjin bankwana, a shekara ta 10 bayan hijira, lokacin da Asma'u 'yar Umais ta haifi Muhammadu ɗan Abubakar a Zul Hulaifa, ta aika tana tambayar yadda za ta yi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce ta da ta yi wanka ta yi ƙunzugu ta ɗaura harami, ta ci gaba da tafiya Makka da ɗanyen jegonta. Muslim ne ya ruwaito shi daga Jabir. Da zaman ɗaka na kwana 40 wajibi ne na addini, da an mayar da ita Madina, wadda ba ta da nisa daga wurin. Saboda haka zaman arba'in al'ada ce, al'ada kuwa mai amfani gwargwadon hutun da take ba mai jego da hidimar da uwa ko gwaggo take yi mata, musamman ga wadda ta tafi wankan gida a haihuwar fari, amma wadda ta fita kafin lokacin don zuwa asibiti ko wata buƙata ba ta aikata laifi ba.

Sai dai halaccin fita bai ɗauke haƙƙin da jiki yake da shi a kan mai shi ba, domin ƙa'ida ce tabbatacciya a shari'a cewa ana kawar da cuta, kuma aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Likitoci sun bayyana cewa mahaifa tana ɗaukar kimanin mako 6 kafin ta koma yadda take, kuma wannan shi ne wa'adin da sashe na 54 na dokar ƙwadago ta Nijeriya ya hana a sa mace aiki a cikinsa bayan haihuwa, ya kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini domin ba da nono. Dokar Nijar ta ba da hutun mako 14, jihar Kaduna kuwa ta mayar da na ma'aikatanta mata wata 6 a 2019. Wadda take da irin wannan haƙƙi ya dace ta cinye shi gaba ɗaya, shugaban da ya matsa mata ta dawo kafin ya cika kuwa ya saɓa wa sharaɗin aiki, cika sharuɗɗa kuma wajibi ne a addini. Wadda aka fi mantawa da ita a irin wannan tambaya ita ce macen da ba ta da takardar hutu, mai tuyar ƙosai ko mai daka ko mai ɗaukar jarkar ruwa daga bakin rijiya, wadda washegarin suna ake ganinta durƙushe gaban murhu saboda babu cefane. Ciyar da ita da tufatar da ita suna kan mijinta da nassin ayar Baƙara da aka ambata, kuma tura ta ɗaukar kaya masu nauyi tun jiki bai haɗe ba, abin da yake iya jawo ɓallewar jini ko zazzagowar mahaifa, cutarwa ce da shari'a ta haramta.

Aikin mace a kan kansa halal ne idan sana'ar halal ce kuma an kiyaye sutura da guje wa keɓancewa da namijin da ba muharrami ba. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud mai sana'ar hannu ce, Annabi kuma ya yi wa 'yar'uwar mahaifiyar Jabir izinin fita ta yanki dabinonta tana cikin idda. Yardar miji abin lura ce, amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Dubai a 2005, ta yanke cewa albashin mace mallakarta ne, fitarta aiki da yardar miji ba ta kayar da ciyarwa, kuma idan an sanya sharaɗin aiki a ɗaurin aure to ya lizimci miji. Bai dace ba ga wanda ya auri malama ko ma'aikaciyar jinya yana sane da aikinta ya mayar da haihuwa hujjar raba ta da shi, sai idan an ga cutarwa ta zahiri ga yaron.

Shayarwa ce wurin da ya fi buƙatar tsayawa. A mazhabar Malikiyya wajibi ce a kan uwa matuƙar tana ƙarƙashin auren uban yaron, sai mara lafiya ko wadda nononta ya yi ƙaranci ko wadda irinta ba sa shayarwa a al'adar garinsu, ita ma idan jariri ya ƙi nonon kowa sai nata to ya wajaba a kanta. Shafi'iyya sun ƙarfafa wajabcin ba da dakashi, wato nonon farko mai kauri wanda wasu gidaje suke tatsewa su zubar bisa zaton ƙazanta ne, alhali shi ne garkuwar farko ta jariri. Cikar shayarwa shekara 2 ce ga wanda ya so cikawa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana kira da a ba da nono zalla wata 6 na farko. Uwar da za ta koma aiki ta sauke wannan nauyi idan ta tafi da yaron da mai reno, ko ta dawo lokacin tazara ta ba shi, ko ta tatsa a mazubi mai tsabta mai murfi a ba shi da ƙaramin kofi, tare da sanin cewa nonon da aka tatsa ba ya wuce kimanin awa 4 a ɗaki, a zafin bazara ma ƙasa da haka, sai idan an sa shi a firji.

Akwai kuma hukuncin da ake sakaci da shi a gidajen da ake taruwa da yawa, wato idan yaro ya yi kuka uwarsa tana wurin aiki sai matar wa ko maƙwabciya ta ba shi nononta don ya yi shiru. Wannan halal ne, amma yana haifar da rada'a, wato zumuncin shayarwa wanda yake haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa, kuma a wurin Malikiyya tsotsa ɗaya da ta isa cikin yaro a shekarun shayarwa ta wadatar, ko da a cokali aka ɗura masa, yayin da Shafi'iyya suka sharɗanta sau 5. Wajibi ne a sanar da iyaye, ya kuma kyautu a rubuta, domin kada bayan shekara 20 a ɗaura aure tsakanin 'yan'uwan shan nono.

Motsa jiki kuwa asalinsa halacci ne, har ya tabbata Annabi ya yi tsere da Nana A'isha, kuma yana zama abin so idan nufin shi ne samun ƙarfin ibada da reno. Wadda ta haihu lafiya tana iya fara tattaki a tsakar gida cikin 'yan kwanaki tare da atisayen matse tsokar ƙasan mara, wanda yake rage ɗigar fitsari, ta riƙa ƙarawa sannu a hankali har ta kai minti 150 a mako, wadda aka yi wa tiyata kuwa sai ta jira izinin likita. Idan za ta je wurin motsa jiki to ya zama na mata zalla, da tufafin da ba sa bayyana tsiraici, babu ɗaukar hoto. Idan jini ya dawo bayan ya ɗauke, Malikiyya suna duba tazarar: in tsarkin ya kai kwana 15 to jinin haila ne, in bai kai ba sai ta tattara kwanakin jinin a lissafin nifasi har su cika 60, tana wanka da salla duk lokacin da ya ɗauke, abin da ya wuce haka kuma istihala ne, wato jinin ciwo wanda ba ya hana salla. Ƙuntata abinci don a rame da wuri har nono ya ragu bai halatta ba, tun da shari'a ta ba mai shayarwa damar ajiye azumin Ramadan ma idan ta ji wa ɗanta tsoro, sannan ta rama tare da ciyar da mudu ɗaya na Annabi kowace rana a mashahurin zancen mazhabar Malikiyya.

Ma'aunin da aka auna aiki da motsa jiki da shi, da shi za a auna wankan jego. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a binciken da suka yi cikin shekarun 1970, sun danganta yawan ciwon zuciya a masu jego da shan kunun kanwa da yawa da wanka da tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Wanka da ruwan ɗumi halal ne, amma wadda take da hawan jini ko kumburin ƙafa ko haki, kuma likita ya hana ta kanwa da ruwan zafi, haramun ne a tilasta mata su, kuma ba ta saɓa wa iyaye ba idan ta ƙi cikin ladabi. Allah ne Mafi sani.