Hukuncin Mai Waswasin Ciwo

A ƙasar Dendi, tun daga Tumbutu ta gundumar Malanbil har gadar da ta nufi Gaya, inda fadamun shinkafa ke kwance a bakin Kwara, ba a zargin mutum don ya ji tsoron cuta, gama zazzaɓin cizon sauro da ke ɗauke yara kowace damina hujja ce da ba ta bukatar shaidu. Amma akwai wani tsoron da ba daga jiki yake tasowa ba. Mutum lafiyarsa ƙalau, ya je jana'iza ya komo, sai zuciyarsa ta riƙa sawwara masa kansa cikin likkafani, ko ƙari yana cin cikinsa, yana salla tana nuna masa, yana kasuwa gaban buhunan albasarsa tana nuna masa, har ya tafi asibiti a auna jininsa a ce ba a ga kome ba, ya samu natsuwar kwana guda, kashegari abin ya dawo.

Abin da ke damuna shi ne fatawar da jama'a ke yi masa: wani ya ce ishara ce, wani ya ce jifa ne, wani kuma, wanda maganarsa ta fi zafi, ya ce ƙarancin tawakkali ne. Duka ukun zalunci ne. Imamu Gazzali, wanda ya rasu a 1111, ya rarrabe cikin littafinsa Ihya'u tsakanin abin da ke ɗarsuwa a zuciya ba da zaɓin bawa ba da kuma azamar da bawa ke ƙullawa da kansa, ya tabbatar cewa na farkon ba a kama mutum da shi, kuma hadisin Buhari da Muslim ya zo da wannan rangwame. Abin da bai zama zunubi ba saboda ba ka kira shi ba, yaya zai zama labarin gaibu, alhali ajali ilminsa na Allah ne shi kaɗai?

Tun kafin Gazzali, Abu Zaidi Balhi, da ya rasu a 934, ya lissafa wannan hali cikin cututtukan rai masu magani, ya umarci mai shi da ya guji kaɗaici da zaman banza, ya kuma tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a ɗaki.

Sai dai mafificiyar dabara, a ganina, tana cikin Risala ta Ɗan Abi Zaidi da almajiranmu ke biyawa a zaure. Mustankihi, wato wanda kokwanto ya aura a sallarsa, malaman Malikiyya ba su ce ya yi ta sakewa har ya samu yaƙini ba. Sun ce ya kau da kai ya wuce, domin sun fahimci cewa kowace sakewa abinci ce ga waswasi. Lalube jiki dare da rana, da sake awon da aka riga aka yi, da tambayar iyali ko ka rame, duk sake salla ne ta wata fuska. Kokawar korar hoton da zuciya ke nunawa ma ba ta fisshe ka: masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya nuna a Amurka a 1987 cewa wanda aka hana tunanin abu, tunanin ya fi dawo masa. Ka bar shi ya zo ya wuce, ka ci gaba da abin da ke hannunka.

Kada a ɗauki wannan a matsayin izinin sakaci. Jiki ya yi zafi, ko an ga jini, ko rama ta bayyana, neman likita wajibi ne a ranar. Wanda kuwa waswasin ya hana shi barci da noma, ya gaya wa likita waswasin kansa, domin shi ma ana maganinsa. Ku kuma 'yan'uwansa da limamansa, ku daina ce masa imaninsa ne ya yi rauni.